Usur a Karaye da Rogo: tafiyar dokar ƙwallo daga Birtaniya zuwa filin makaranta

Ranar 1 ga Yulin 2025 wata sabuwar doka ta fara aiki a ƙwallon ƙafa. Mai tsaron ragar da ya riƙe ƙwallo a hannu fiye da daƙiƙa 8, za a ba abokan karawarsa bugun kusurwa, kuma alƙalin wasa zai ɗaga hannu ya ƙirga daƙiƙa biyar na ƙarshe da yatsunsa, kowa yana gani. A birnin Belfast aka yanke shawarar a watan Maris na shekarar, amma hukuncinta ya hau kan gasar Firimiyar Ingila kamar yadda ya hau kan wasan unguwanni a filin makarantar firamare a Karaye ko Rogo. Littafin doka guda ne a duniya baki ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne hanyar da doka ke bi kafin ta isa ga mai riƙe da usur, da tsawon lokacin da take ɗauka a hanya.

Da aka rubuta dokokin farko a Landan a 1863, babu alƙalin wasa a cikin fili. Kyaftin-kyaftin ɗin ƙungiyoyin biyu ne ke sasanta saɓani, bisa zaton cewa mutumin kirki ba zai yi ƙeta da gangan ba. Da gasa ta yi zafi, sai kowace ƙungiya ta riƙa kawo nata mai sa ido, ga kuma mutum na uku a bakin layi wanda ake kai wa ƙara idan biyun sun kasa daidaitawa. Sai a 1891 aka shigar da wannan na ukun tsakiyar fili, aka ba shi ikon yanke hukunci ba tare da an kai masa ƙara ba, aka mayar da biyun masu ɗaga tuta. A shekarar ne kuma aka ƙirƙiro bugun fanareti. Ke nan tun asali rashin yarda tsakanin ɓangarori ne ya haifi alƙalin wasa, kuma jarinsa kaf shi ne kowane ɓangare ya gamsu cewa ya fi su sanin doka.

Hukumar da ke riƙe da wannan doka ita ce IFAB, wadda hukumomin ƙwallon Ingila da Sikotilan da Wales da Ailan suka kafa a 1886. FIFA ta shiga cikinta a 1913. A yau FIFA na da ƙuri'a huɗu, hukumomin Birtaniya huɗu kowace na da ɗaya, kuma ba a canza doka sai da ƙuri'a shida cikin takwas. Canje-canjen da suka fito daga wannan zauren kowanne da dalilinsa. A 1925 an sassauta dokar satar gida saboda ƙwallaye sun yi ƙaranci a raga. A gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko aka fara ɗaga katin gargaɗi da jan kati, don ɗan wasan da ba ya jin harshen alƙali ya fahimci hukunci. A 1992 an hana mai tsaron raga kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya mayar masa da ƙafa da gangan, bayan ɓata lokacin da ya yi wa gasar Italiya ta 1990 katutu.

A da, tsakanin babban canji da wani akan yi shekaru masu yawa. Tun daga 2016, da aka sake rubuta littafin gaba ɗaya, kusan babu shekarar da ke wucewa ba gyara. A 2019 kaɗai an ce ba dole ba ne bugun gola ya fita daga yadi na 18 kafin ɗan ƙungiya ya taɓa, an daina kokawa kan ƙwallon da alƙali ya saki, an kuma ba shi ikon ɗaga wa koci kati. Dokar taɓa ƙwallo da hannu an gyara ta a 2019, aka sake gyara ta a 2021. Canjin 'yan wasa biyar ya shigo a 2020 a matsayin matakin wucin gadi lokacin annobar korona, ya zama dindindin a 2022.

Kano tsohuwar hannu ce a wannan wasa. Tawagarta ce ta fara fitar da Kofin Gwamna daga Legas a 1953, shekara takwas bayan kafa gasar a 1945, kuma Kano Pillars, da aka kafa a 1990, ta lashe gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Alƙalan wasa kuwa suna ƙarƙashin Ƙungiyar Alƙalan Wasa ta Nijeriya, NRA, mai majalisu a jihohi. Sabuwar doka kan sauko daga IFAB zuwa Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya, daga nan zuwa kwasa-kwasan manyan alƙalai, sannan majalisar jiha. Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44, kuma Rogo tana can kan iyaka da Katsina da Kaduna. Duk matakin da saƙo ya sauka yakan rage ƙarfi, ga shi kuma IFAB da Ingilishi da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci take wallafa littafinta a hukumance. Babu Hausa a ciki.

Abin da ya sauya lissafi shi ne gidan kallon ƙwallo. Kafin zuwan tauraron ɗan'adam, alƙalin wasa a ƙauye ko da iliminsa ya tsufa ya fi 'yan kallo sani. Yanzu matashin da ya kalli Arsenal ko Barcelona a daren Asabar ya ga sabuwar doka tana aiki da idonsa, kuma da ita zai zo fili ranar Lahadi. Idan alƙali ya busa usur ya ce a sake bugun gola don bai fita daga yadi na 18 ba, dokar da aka soke tun 2019 ya zartar, kuma rabin masu kallo sun san haka. Akwai kuma akasin wannan. Ɗan kallo ya saba ganin na'urar VAR, wadda ta shiga littafin doka a 2018, tana auna satar gida da layi, sai ya nemi irin wannan daidaito daga mutum guda da ke gudu cikin ƙura, wani lokaci ko masu ɗaga tuta horarru ba shi da su.

Sakamakon rushewar yarda ba ɓoyayye ba ne. A watan Yunin 2019, a filin Agege da ke Legas, magoya baya sun kutsa fili sun far wa alƙalin wasa bayan kunnen doki tsakanin Kano Pillars da Rangers, aka ci tarar Pillars naira miliyan 8. Wannan a filin da ke da katanga da jami'an tsaro ke nan. A filin makaranta, inda igiya ce ko layin toka ke raba 'yan kallo da 'yan wasa, kuma alƙalin maƙwabcin kowa ne, garkuwarsa ita ce sanin doka da ƙungiyar da za ta tsaya masa.

Littafin dokar kansa ya bar ƙofa. Tun 2017 IFAB ta ba hukumomin ƙasashe damar sassauta wasu ƙa'idoji a wasannin matasa da na ƙananan matakai, kamar girman fili, tsawon lokacin wasa, dawo da ɗan wasan da aka canza, da korar wucin gadi. Saboda haka aikin ƙungiyar alƙalai ta yanki a bayyane yake, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa: zama guda kowace shekara kafin watan Yuli don karanta gyare-gyare, fassara su zuwa Hausa a takarda ɗaya, tara kyaftin-kyaftin da masu horarwa kafin a buɗe kowace gasa, da rubuta ƙa'idojin gasar kowa ya sa hannu. Littafin kyauta ne a manhajar IFAB ta wayar salula, don haka nisan Karaye da Belfast ya daina zama uzuri. Abin da ya rage shi ne wanda zai ɗauki nauyin karantawa ya karantar, domin rigimar da aka kashe a zauren taro kafin gasa ba ta tashi a minti na 90.