Yanar Ido, Rana da Malfar Manomi

'Yan uwa marubuta, idan tsohon manomi a Ɗambatta ya daina gane fuskar jikansa, akan ce tsufa ne. Rana ma tana da hannu. Furotin na madubin cikin ido ba ya sabuntuwa. Hasken altarabayolet yana lalata shi shekara da shekaru, har ya dunƙule kamar dafaffen farin ƙwai. Ita ce yana.

A da, masu maganin gargajiya kan danna ta ciki da allura, da yawa su makance. A 1943 mishan ɗin SIM ya buɗe asibitin ido a Kano. Duk da haka, binciken ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya gano yana ce sanadin kashi 43 cikin 100 na makanta.

Malfar kakanninmu kariya ce. Ku sa wa manoman labaranku ita.