Daga Tawada Zuwa Kwamfuta: Tarihin Tace Rubutattun Waƙoƙin Hausa na Ajami

Ɗalibin da ya karanta waƙar ƙarni na 19 cikin boko ba safai yake tambayar wane kwafi aka juya masa ba. Amma waƙa takan daɗe tana yawo a hannun almajirai, wannan ya kwafa daga wancan, wani ya tsallake baiti, wani ya gyara kalmar da bai gane ba. Gwama waɗannan kwafe-kwafe don fitar da ingantaccen matani shi ake kira tacewa ko tahaƙiƙi.

A Turai, waƙoƙin Latin ne suka kaifafa wannan fanni. A 1850 Karl Lachmann, Bajamushe, ya fitar da waƙar Lucretius bisa kwafi biyu na ƙarni na 9 da ke Leiden. Hujjarsa ita ce, kwafin da suka yi tarayya a kuskure guda, uwarsu ɗaya. Da haka ya siffanta uwar da ta ɓata, har ya ce layi 26 ne a kowane shafinta.

Hausa ta zo da nata matsaloli. C. H. Robinson ya buga wasu waƙoƙi a 1896 tare da hoton ajaminsu, sai dai karatunsa na cike da tuntuɓe. Ba abin mamaki ba ne. Ajami ba ya nuna karin sauti, kuma yawancin marubuta da rufu'a suke rubuta o da u, saboda haka "doka" da "duka" na bugu kamarsu ɗaya a takarda. Ma'aunin aruli kan taimaka wajen gane tsawon gaɓa, amma a nan ba ya raba gardama, sai ma'anar baitin.

Babbar matsalar ta fito fili a Waƙar Bagauda, wadda Mervyn Hiskett ya tace a 1964 da 1965. Wa'azi ce haɗe da jerin sarakunan Kano, kuma an riƙa ƙara mata baitoci yayin da sarakuna ke shuɗewa. To, wanne ne asali? Tsarin Lachmann zai ɗauki ƙarin a matsayin gurɓata, alhali a wajen mai tarihi ƙarin shi ne shaida. A ganina, waƙa irin wannan ba neman uwarta ya fi muhimmanci ba, a jera 'ya'yanta a gani.

Wannan ne kwamfuta ta sauƙaƙa. Rumbun Musisque Deoque na Italiya yana nuna baitin Latin tare da saɓanin kwafe-kwafensa. A ɓangarenmu, rumbun African Ajami Library na Jami'ar Boston ya ɗora hotunan rubuce-rubucen Hausa a intanet, ko da yake hoto ba tacewa ba ne, kayan aiki ne kawai.

Kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai takardun suke ba. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya yi rubutunsa a zangunan hanyar goro, kuma Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warsaw ya tace wasu ayyukansa. Wagadugu ma zango ce a wannan hanya. A 2003 shirin ZACA ya rushe unguwar Hausawa ta Zangouettin da maƙwabciyarta Peuloghin, don haka mai neman takardun malaman can yau sai ya bi iyalai gida-gida inda suka koma.