Abin da Baƙo Ke Gani a Birnin Shehu

Duk lokacin da na yi baƙo a gidanmu da ke Sama Road, da zarar ya huta sai ya ce in kai shi ya ga inda aka mulki daula. Wanda ya saba da Abuja yakan zo da tsammanin ganin wani abu kamar ginin Majalisar Tarayya. Nakan kai shi ƙofar fadar Sarkin Musulmi, mu bi ta Masallacin Shehu, mu ƙare a Hubbare. A hanyar komawa gida wani yakan ce, "To, shi ke nan?"

Shekara ɗari biyu ke nan baƙi suna auna Sakkwato da idon garinsu. A watan Maris na 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso birnin, shekara goma sha biyar bayan Muhammadu Bello ya kafa shi a 1809. Ganuwar ta burge shi: ya ƙirga ƙofofi goma sha biyu da ake rufewa da faɗuwar rana. Ya ga masallacin da Waziri Giɗaɗo ke ginawa, ya kuma zanta da maginin, wani Bazazzagi da mahaifinsa ya taɓa zuwa Masar. Amma da aka shigar da shi wurin Bello, sai ya tarar da mai mulkin ƙasashe daga Gobir zuwa Adamawa zaune kan 'yar shimfiɗa a ɗaki mai rufin ciyawa. Abin da ya fi girgiza baƙon shi ne tambayoyin da Bello ya yi masa kan tsofaffin ɗarikun Kirista, har ya rasa amsa.

Da Bajamushe Heinrich Barth ya zo a 1853, Sarkin Musulmi Aliyu Babba ma a Wurno yake zaune. Su Shehu sun rubuta suka a kan sarakunan da suka gabace su saboda alfahari da tara dukiya, don haka da wuya su bar mana manyan benaye. Shehu ya rasu a 1817 aka binne shi a gidansa, kuma wannan gidan ne har yau jama'a ke zuwa ziyara daga Nijar da sauran wurare.

Sai dai kada mu fake da tawali'un magabata mu rufe sakacinmu. Ganuwar da Clapperton ya yaba kusan duk ta shafe. Ƙofar Rini da Ƙofar Taramniya yanzu yawancin matasa sun san su ne a matsayin inda mai kabukabu zai sauke su. Giginya, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya fuskanci sojojin Ingila ranar 15 ga Maris 1903, sunanta ya fi tuna wa yaro filin ƙwallo.

A sana'ata ta rubuta manhajar kwamfuta na koyi cewa aikin da ba a bar bayaninsa ba, wanda ya gada yakan goge shi ba tare da sanin darajarsa ba. Shi ya sa yanzu kafin mu bar Sama Road nake fara ba baƙona labarin Bello da 'yar shimfiɗarsa. Idan mun isa Hubbare, da kansa yake cire takalmi ya rage murya.