Samanja da Hausarmu ta Baƙi

Tun da Usman Baba Pategi ya rasu a Kaduna cikin Nuwamban 2023 nake son rubuta wannan.

Ina yaro muka taso daga Zangon Kumasi muka sauka Limanti, a shekarun 1980. Gida ɗaya ke da talabijin a layinmu. Can muke cika tsakar gida mu kalli Samanja Mazan Fama na NTA Kaduna, yana ta fama da iyali da kuratan soja. Pategi Banufe ne, tsohon soja, kuma Hausar bariki yake zubawa.

To a nan gardama take. Wani dattijo Bakano kullum sai ya ce ana ɓata harshe, yara za su kwasa. Matan gidan, Barebari, su ce ai haka ake ciniki a Kasuwar Monday. Ni dai shiru, don a makaranta dariya ake mini in na ce "yarinya ya zo."

Dattijon bai yi ƙarya ba, mun kwasa. Amma a gaban akwatin nan na daina jin kunyar buɗe baki cikin mutane. Allah ya jiƙan Samanja.