Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo: Yadda Kimiyya Ta Samu Gida a Maraɗi

Kafin 2010, jami'ar gwamnati ɗaya tak gare mu a Nijar, ita ce ta Yamai. Duk ɗan Maraɗi, Tsibiri ko Jiratawa da ya samu BAC, takardar kammala sakandare, yake kuma sha'awar kimiyya, sai ya yi tafiyar sama da kilomita 600, ya je ya yi ta fama da cunkoson aji da na makwanci.

An fara aza tubalin jami'ar Maraɗi da cibiyar koyon fasaha ta IUT. A 2010, zamanin riƙon ƙwaryar Salou Djibo, aka kafa jami'o'i 3 a lokaci guda: Maraɗi, Tawa da Damagaram. Ta Maraɗi ta tashi da tsangayar kimiyya da fasaha, inda ake karantar da lissafi, fizik da ilmin sinadarai. Sannu a hankali tsangayar noma da muhalli da ta kiwon lafiya suka biyo baya. Daga bisani aka raɗa mata sunan Dan Dicko Dankoulodo, ɗan Maraɗi, masanin sinadarai, tsohon ministan ilmi, wanda ya shugabanci hukumar ACCT ta ƙasashe masu amfani da Faransanci daga 1974.

Fizik ba baƙo ba ne a wannan jiha. A Tasawa aka haifi Abdou Moumouni a 1929, wanda ya ƙarar da rayuwarsa kan binciken makamashin rana. Farantin sola da ke haska shaguna yau ɗan wani reshe ne na fizik mai nazarin halayen daskararrun abubuwa, kamar silikon. A wannan reshen ne Kamerlingh Onnes ya gano a Holan, a 1911, cewa idan aka sanyaya zaiba zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifili, lantarki na ratsa ta ba tare da wata asara ba. Na'urar hoton MRI ta asibiti da irin waɗannan abubuwa da lantarki ke ratsawa ba asara take aiki.

Bincike irin wannan yana son ɗakin gwaji, wutar da ba ta yankewa, da malamai masu zama daram. Manomin rani na Jiratawa, wanda famfonsa ke jiran lantarki, yana da rabo a ciki. Wajibi ne hukuma da attajiran Maraɗi su sa hannu wajen sayen kayan gwaji, domin ɗaliban fizik su taɓa da hannunsu abin da suke karantawa a allo.