Abin da Sikeli Ba Ya Aunawa: Shaidar Majinyata Kan Jinyar Anoreksiya

A shekarar 1873 ne likita William Gull a Landan da Charles Lasègue a Faris, kowanne a nasa ɓangaren, suka bayyana cutar da yanzu ake kira anoreksiya. Mutum ne, galibi budurwa, ko da yake maza ma na kamuwa, zai dinga tauye wa kansa abinci har ya rame ya kanjame, ga abincin a gabansa, ga yunwa na cin sa, amma tsoron ƙiba ya fi ƙarfin yunwar. Tun daga lokacin ake auna nauyin waɗannan majinyata da bugun zuciyarsu da sinadaran jininsu. Tambayar su yadda suka ji jinyar da aka yi musu kuwa, sai a 'yan shekarun baya aka mai da hankali a kanta. Hujjar wannan maƙala ita ce amsar da suke bayarwa shaida ce ta ilimi, daidai take da abin da sikeli ke nunawa, kuma jinyar da ta yi watsi da ita tana rasa majinyacin tun kafin a yi nisa.

Lamarin ba na wasa ba ne. Wani nazari da Jon Arcelus da abokan aikinsa suka wallafa a 2011, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna mace-macen masu wannan cuta ya kusa ninka na sa'o'insu sau shida, kuma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka rasu kansu suka kashe. Har yau babu ƙwayar da aka tabbatar tana warkar da ita. Abin dogaro shi ne ciyarwa da jinya ta hanyar zantawa da ƙwararre. A 2017 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da shawarar hanyoyi uku ga manya. Akwai wadda ke gyaran tunani da ɗabi'a, irin CBT-E da Christopher Fairburn ya tsara a Oxford. Akwai MANTRA ta Ulrike Schmidt da Janet Treasure a asibitin Maudsley na Landan. Sai SSCM, wadda ta haɗa kula da cin abinci da sauraren duk abin da majinyaci ya zo da shi. Ga yara da matasa kuwa, jinya tare da iyali aka sa gaba.

Tarihin SSCM kaɗai ya isa ya sa mai nazari ya tsaya. A Christchurch ta New Zealand aka ƙirƙire ta don kawai a samu abin da za a gwada manyan hanyoyin jinya da shi. Da sakamakon ya fito a 2005, sai ga shi ita ce a gaba. Gwajin da aka yi a Ostireliya, aka wallafa a 2017, ya kara hanyoyin uku da juna, kuma ba a samu wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Idan tsare-tsaren da suka sha bamban a ka'ida suna kai wa wuri guda, kuma majinyata masu yawa na barin kowannensu a tsakiyar hanya, to akwai wani abu da ke faruwa a ɗakin ganawa wanda littafin koyarwa bai kama ba. Mai ɗaki, in ji Bahaushe, shi ya san inda ruwa ke masa yoyo.

A 1999 Lucy Serpell da Treasure da wasu suka nemi majinyata su rubuta wa cutar wasiƙu biyu, ɗaya a matsayin ƙawa, ɗaya a matsayin abokiyar gaba. Wasiƙun gaba sun faɗi abin da kowa zai zata: tunanin abinci dare da rana, lalacewar zumunci, jin an ƙwace wa mutum rayuwarsa. Wasiƙun ƙawance su ne darasin. Majinyatan sun gode wa cutar don tana ba su kariya, tana sa su ji ragamar rayuwarsu na hannunsu, tana dushe musu baƙin cikin da ba su san yadda za su ɗauka ba, tana kuma sa su ji sun fita daban. Hilde Bruch, likitar da ta yi shekaru tana sauraren irin waɗannan 'yan mata a Amurka, ta riga ta nuna a littafinta na 1978, The Golden Cage, cewa a ƙarƙashin taurin kan akwai mutumin da ke jin ba shi da iko a kan komai. Mai jinyar da ya shigo da niyyar raba majinyaciya da cutar, a idonta ya zo ne ya ƙwace abin da take jingina da shi. Kiran wannan hali taurin kai ko yaudara kuskure ne na fahimta, kuma majinyata na gane wanda ya ɗauke su haka tun a zaman farko.

Daga nan ne ƙorafin da ya fi yawa a hirarrakin da masu bincike suka yi da su ke fitowa, wato an mai da su lamba. A duba yadda awon mako-mako ke gudana. Majinyaciya ta cire takalmi da rigar sanyi, ta hau sikeli, wata ta kwankwaɗi ruwa kafin ta zo don lambar ta ɗaga, wata ta juya baya don kada ta gani. Idan lambar ta hau, mai jinya ya yi murna, ita kuwa cikinta ya ɗuri ruwa. Idan ta sauka, zaman gaba ɗaya ya koma bincike. Da yawa sun ce an sallame su ranar da nauyinsu ya kai yadda ake so, alhali a lokacin ne tunaninsu ya fi dagulewa, domin jikin ya canza kuma abin da ke dushe damuwar ya kau. Wasu kuma sun ce an mai da su gida don ba su rame sosai ba, saƙon da cutar ke fassarawa da cewa a ƙara ƙoƙari. Ƙa'idar NICE da kanta ta hana a dogara da ma'aunin nauyi da tsawo kaɗai wajen yanke shawarar ba da jinya.

To amma akwai suka mai ƙarfi da bai kamata a kauce mata ba. Wa ke magana idan majinyaciya ta ce a bar zancen abinci a yi zancen damuwarta, ita ce ko cutar? Gwajin da Ancel Keys ya jagoranta a Jami'ar Minnesota a 1944 zuwa 1945 ya ba wannan tambaya nauyi. Maza 36 lafiyayyu ne suka ba da kansu, aka rage musu abinci na wata shida har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Sai ga su suna tara littattafan girki, suna jan loma kaɗan tsawon lokaci, suna lashe kwano, suna guje wa mutane, fushi da ƙunci sun lulluɓe su. Babu wanda ya shiga gwajin da cutar ƙwaƙwalwa. Yunwa ce ta haifar da wannan duka. Ke nan wani kaso na abin da majinyaci ke ji ba zai gyaru da zance ba sai ya ci, kuma mai jinyar da ya biye wa buƙatar a bar maganar abinci yana iya raka majinyacinsa kabari cikin ladabi da tausayi.

Na yarda da wannan suka, amma ban ga ta rushe shaidar majinyata ba. Waɗanda suka warke ba sa yabon mai jinyar da ya ƙyale su. Wanda suke yabo shi ne wanda ya san dabarun cutar har ba a iya yi masa wayo, ya tsaya kai da fata sai an ci, amma ya san sunan makarantarsu da abin da suke so su zama, ya kuma bayyana dalilin kowane mataki. Binciken Jacinta Tan da abokan aikinta a Birtaniya kan jinyar dole ya nuna haka: majinyata sun amince a tilasta jinya idan rai na cikin haɗari, kuma abin da ya fi damun su shi ne irin dangantakar da aka yi tilascin a cikinta, ko da amana da mutuntawa ko da wulaƙanci.

Ko jinyar iyali ta Maudsley, wadda binciken Gerald Russell da abokansa na 1987 ya nuna amfaninta ga matasan da cutar ba ta daɗe a jikinsu ba, ba ta tsira daga wannan awo ba. A ɗaya daga zaman farko iyali kan zo da abinci ɗakin ganawa, a ce wa uwa da uba su sa 'yarsu ta ci loma ɗaya fiye da yadda ta yi niyya. Ana koya musu su ɗauki cutar a matsayin wata aba dabam da 'yar, don kada a zarge ta. Dabarar na sauƙaƙa wa iyaye, kuma matasa da yawa sun ce ta ɗauke musu kunya. Sai dai wasu sun koka cewa da zarar sun yi fushi ko sun ƙi wani abu, ko da bai shafi abinci ba, sai a ce cutar ce ke magana. Yarinyar da aka daina jin ta bakinta da sunan ceto ta, an ƙara mata ainihin rashin ikon da Bruch ta gano a tushen lamarin.

Sauraro na kuma gyara ganewar cutar kanta. A Hong Kong, Sing Lee ya tarar da majinyata masu yawa da ba su ambaci tsoron ƙiba ba; kumburin ciki ko rashin sha'awar abinci suke kawowa a matsayin dalili. Likitan da ke aiki a al'ummar da ake yaba cikar jiki, idan jiran jin kalmar ƙiba yake yi, zai iya barin cutar ta wuce ta gabansa.

Sai batun lokaci. Binciken Kamryn Eddy da abokan aikinta a Boston ya bi mata masu cutar shekaru 22. A shekara ta 9, kusan kashi 31 cikin ɗari ne suka warke. A ta 22, adadin ya kai kusan kashi 63. Tsare-tsaren jinyar manya kuwa galibi zama 20 zuwa 40 ne. Wadda ba ta warke a zagayen farko ba, mai yiwuwa ne ta sake buƙatar taimako bayan shekaru, kuma ko za ta dawo ya danganta da yadda aka bi da ita a baya. Don haka ya kamata gwaje-gwajen jinya su riƙa auna amincewar majinyaci da dalilin barinsa jinya kamar yadda suke auna kilo, a kuma sa waɗanda suka warke cikin masu tsara tambayoyin.