Saɓani a Wurin Aiki: Musabbabinsa da Hanyoyin Warware Shi a Ƙaramar Hukumar Minjibir

Gabatarwa

Duk inda mutane suka haɗu a kan aiki ɗaya ba a raba su da saɓani, domin Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Abin tambaya shi ne yadda za a tari saɓanin idan ya taso, da kuma ƙofar da za a bi da shi har a kai ga maslaha. Mun shirya wannan bayani ne domin ma'aikata da shugabanninsu, da masu riƙe da sarautun gargajiya, da sauran jama'ar karkara, musamman na Ƙaramar Hukumar Minjibir.

Minjibir ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, kuma ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutane sama da 200,000. Wuraren aiki a wannan yanki ba su tsaya a sakatariyar ƙaramar hukuma ba. Akwai makarantun firamare da ɗakunan shan magani a garuruwa irin su Kunya da Kantama da Kuru, akwai gonakin da ake ɗaukar 'yan ƙwadago, akwai masu noman rani da masunta a gefen madatsar ruwa ta Wasai, akwai kuma masaƙa, waɗanda sana'arsu ta daɗe da fito da sunan Minjibir. A irin wannan yanki abokin aikinka shi ne maƙwabcinka, wani lokaci ma surukinka ne, kuma sahu ɗaya kuke tsayawa a masallaci. Saboda haka rigimar da aka fara a ofis takan bi mutane har gida, ta ɓata zumuncin da aka yi shekaru ana ginawa.

Ire-iren saɓani

Za mu iya kasa saɓanin wurin aiki gida uku. Na farko shi ne wanda ke tsakanin abokan aiki, kamar malamai biyu da ke jayayya a kan rabon azuzuwa. Na biyu shi ne tsakanin ma'aikaci da shugabansa, ko ɗan ƙwadago da mai gona. Na uku shi ne tsakanin ƙungiyar ma'aikata da hukumar da ta ɗauke su aiki, kuma shi ne yakan kai ga yajin aiki. Kowane daga cikinsu yana da ƙofarsa, kuma yawancin wahalar da ake sha tana zuwa ne daga ɗaukar ƙaramar magana a kai ta babbar ƙofa.

Abubuwan da ke haddasa shi

Babban musabbabi shi ne rashin fayyace aiki tun farko. Idan ba a rubuta wa ma'aikaci iyakar aikinsa da wanda zai riƙa karɓar umarni daga gare shi ba, to dole wata rana ya taka hurumin wani. A ƙaramar hukuma wannan yakan bayyana tsakanin masu muƙaman siyasa da ma'aikatan dindindin: kansila mai kula da sashe yana ganin shi ke da iko, shugaban sashe kuma yana ganin ƙa'idar aiki a hannunsa take, ƙaramin ma'aikaci ya rasa maganar wa zai bi.

Na biyu shi ne maganar haƙƙi: jinkirin albashi ko alawus, tsayawar ƙarin girma, da canjin wurin aiki da ma'aikaci ke ganin an yi masa da gangan. Na uku shi ne ƙarancin kayan aiki. Inda babur ɗaya ne ga malaman gona da yawa, ko injin ban ruwa ɗaya ga manoma biyar, rabon lokaci kaɗai ya isa ya haɗa mutane faɗa. Na huɗu shi ne son kai da fifita wani saboda dangantaka ko jam'iyya. Na biyar shi ne harshe: tsawa a gaban jama'a, gori, da tsegumi. Sau da yawa mutum yakan haƙura da jinkirin kuɗinsa, amma ba ya manta ranar da aka kunyata shi a gaban na ƙasa da shi.

Alamomin da shugaba zai lura da su

A al'adarmu ta kunya da kawaici ba kowa ne ke fitowa ya faɗi damuwarsa ba. Don haka wajibi ne shugaba ya sa ido. Idan mutanen da suka saba gaisawa suka koma ga maciji, ko ma'aikaci mai himma ya fara makara da yawan neman izini, ko takarda ta riƙa kwana a kan tebur ɗaya ba dalili, ko aka rabu gida biyu a wajen taro, to akwai abin da ke ƙasa. A wannan lokaci ne gyara ya fi sauƙi, tun da ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hanyoyi uku na kashe rigima

Wata masaniyar harkar gudanarwa 'yar ƙasar Amurka, Mary Parker Follett, ta bayyana tun a shekarar 1925 cewa hanyoyi uku ake bi wajen kawo ƙarshen saɓani. Ta farko ita ce danniya, wato mai ƙarfi ya murƙushe marar ƙarfi. Tana da sauri, amma wanda aka danne yakan jira ranar ramuwa. Ta biyu ita ce raba gardama, kowa ya sauka daga wani ɓangare na buƙatarsa. Ta uku, wadda ta fi ɗorewa, ita ce a binciko ainihin abin da kowane ɓangare yake nema, a samo tsarin da zai biya wa duka biyun.

Ga misali. Ma'aikatan lafiya biyu suna jayayya a kan jadawalin aiki, kowa ya dage ba zai yi aikin yamma ba. Idan mai kula da asibitin ya zauna da kowannensu shi kaɗai, yana iya tarar da cewa ɗaya ranar kasuwa kawai take so a sarara mata, ɗayan kuma damina ce ta sa yake son yamma ta zama tasa don ya leƙa gona. Da zarar an gane haka, jadawali ɗaya zai ɗauke su duka ba tare da an ƙwari kowa ba. Wannan bai samuwa sai da sauraro, kuma sauraro shi ne ginshiƙin sulhu kamar yadda muka gada daga iyaye da malamai.

Matakan kai kuka a ƙaramar hukuma

Ma'aikacin da ke ganin an zalunce shi yana da tsani da zai hau, kuma muna jan hankali a bi shi daki-daki.

1. Ya fara tuntuɓar wanda suka saɓa, su biyu, cikin ladabi kuma ba a gaban mutane ba.

2. Idan ba a daidaita ba, ya kai maganar ga shugabansa na kusa, kamar shugaban makaranta ko mai kula da asibiti. Idan da shi ake rigimar, sai a wuce ga na gaba da shi.

3. Daga nan sai ya rubuta takardar koke zuwa ga shugaban sashe, ya sa kwanan wata, ya faɗi abin da ya faru da abin da yake nema, ya kuma ajiye kwafi. Malaman firamare suna bi ta ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma.

4. Sashen kula da harkokin ma'aikata shi ke duba koken. Bisa tsarin da aka saba, al'amuran ƙananan ma'aikata daga mataki na 01 zuwa na 06 ana kammala su a kwamitin ƙaramar hukuma, na mataki na 07 zuwa sama kuma suna hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta jiha.

5. A kowane mataki ma'aikaci yana da damar neman wakilin ƙungiyarsa ya raka shi, ko NULGE ta ma'aikatan ƙananan hukumomi, ko NUT ta malamai, ko ƙungiyar ma'aikatan lafiya.

Idan kuwa hukuma ce ke tuhumar ma'aikaci, ƙa'ida ita ce a ba shi takardar tuhuma a rubuce, a bayyana laifin, a ba shi wa'adin amsawa, sannan a yanke hukunci. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowa haƙƙin a saurare shi, kuma kotuna sun sha soke korar da aka yi ba tare da bin wannan ƙa'ida ba. Shi ma ma'aikaci kada ya ƙi karɓar takardar ko ya ƙi amsawa don fushi, domin shirunsa na iya zama hujja a kansa.

Bayan waɗannan akwai wasu ƙofofi a wajen ma'aikata. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1975, da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano. Akwai kuma cibiyar sasanci ta Babbar Kotun Jihar Kano, wadda aka buɗe a 2009 domin a daidaita mutane ba tare da doguwar shari'a ba. Abin da ya shafi duka, ko sata, ko neman mace da lalata ta hanyar amfani da muƙami, ya wuce maganar sulhun cikin gida. Laifi ne da za a kai gaban hukuma. Nijeriya ta amince a 2022 da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta haramta cin zarafi da tsangwama a wurin aiki.

Tanadin doka a kan rikicin ƙungiya

Dokar Rikicin Ƙwadago ta 1976 ita ce ta shimfiɗa hanyar da ake bi idan ƙungiya ta saɓa da mai ba da aiki. Ana farawa da hanyar sulhun da ɓangarorin suka amince da ita tun farko. Idan ta gaza, sai su zauna cikin kwana 7 a gaban mai shiga tsakani da suka zaɓa tare. Idan shi ma bai yi nasara ba, sai a sanar da Ministan Ƙwadago a rubuce, shi kuma ya naɗa mai sasantawa, daga nan a wuce Kwamitin Sasanta Rikicin Ma'aikata, wanda aka ba kwana 21 ya fitar da matsaya. Wanda bai gamsu ba, maganarsa za ta je Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Gyaran Tsarin Mulki na uku, na shekarar 2010, ya ɗaga darajar wannan kotu ya kuma keɓe mata shari'o'in aiki da ƙwadago, kuma tana da reshe a Kano.

Dokar ta hana shiga yajin aiki yayin da ake cikin waɗannan matakai, kuma sashe na 43 ya ce babu albashi na kwanakin da aka yi ana yaji. Gyaran Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago na 2005 ya ƙara da sharaɗin a kaɗa ƙuri'a tsakanin 'yan ƙungiya kafin a tafi yaji. Ya kamata mu tuna cewa zama a teburi yana biya. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024, kuma kowane daga cikinsu ya biyo bayan tattaunawa tsakanin gwamnati da ƙungiyoyi da masu ba da aiki.

A gona da fadama da masaƙa

Mafi yawan mutanen Minjibir ba su da takardar ɗaukar aiki, amma su ma suna da haƙƙi. Rigimar mai gona da ɗan ƙwadago kusan kullum a wuri uku take: nawa aka yi jinga, ina iyakar aikin, yaushe za a biya. Maganinta shi ne a zaga gonar tare kafin a sa fartanya, a faɗi kuɗin a gaban shaidu biyu, a bayyana ko da abinci ko babu, a kuma tsayar da ranar biya. Addininmu ya yi horo mai ƙarfi a kan biyan ɗan ƙwadago haƙƙinsa ba tare da jinkiri ba, shi kuma an hore shi da cika aikin da ya karɓa. Masu tarayya a injin ban ruwa su tsara kwanakin kowa da yadda za a raba kuɗin mai da gyara tun kafin a dasa. Haka nan maigidan masaƙa ko tela ya fayyace wa yaransa abin da ke nasu a kowane aiki.

Ga wanda ya ɗauki mutum aiki na dogon lokaci, kamar mai gadi ko yaron shago, Dokar Ƙwadago ta 1974 ta wajabta ba shi sharuɗɗan aikin a rubuce cikin wata 3. Ta kuma ƙayyade sanarwar rabuwa: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 har zuwa shekara 2, mako 2 daga shekara 2 zuwa 5, da wata 1 daga shekara 5 zuwa sama.

Idan aka saɓa, a fara da shaidun ciniki, sai shugaban sana'a kamar sarkin noma ko sarkin ruwa, sai mai unguwa, sai dagaci, sai hakimi. Limamai da Hukumar Hisba su ma suna sasanta irin wannan. Kotu tana nan ga wanda bai gamsu ba, sai dai kuɗin mota da kwanakin da za a ɓata sukan fi abin da ake jayayya a kansa.

Kammalawa

Muna kira ga shugabanni da su saurari kowane ɓangare kafin su yanke hukunci, su yi gyara a keɓe, su rubuta abin da aka amince da shi kowa ya sa hannu, su kuma waiwayi maganar bayan 'yan makonni don ganin ko an cika alkawari. Muna kira ga ma'aikata da su kai kuka da wuri, ta ƙofar da ta dace, ba tare da ƙari ko ɓatanci ba. Duk ranar da malamai biyu suka yi gaba, ɗalibi ne ke asarar darasi, kuma duk ranar da aka rufe ɗakin shan magani, mai naƙuda ce ke shan wahalar tafiya wani gari. Allah Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu da wuraren aikinmu, amin.